DARASINMU NA WANNAN WATA: HAKKIN DILLALI A KAN MAI SAYEN GIDA

Darasinmu na wannan wata a kan cinikin gida ne, da fili, da gona. Za mu duba abin da ke kan mai saye game da dillali. Yaushe ne ya zama dole ka biya shi la'ada? Yaushe ne ba ya bin ka ko kwabo? Nawa za ka biya? Ka karanta a hankali. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta masa.

Bayan kaka mutane da yawa kan sayar da amfanin gona ko dabbobi, su sayi gida a gari. Wani don haya, wani don auren ɗansa, wani don ajiyar dukiya. Mata ma kan kwashi adashi su sayi fuloti. Sau da yawa ciniki kan faɗa lafiya. A biya kuɗi, a karɓi mabuɗi. Bayan kwana biyu sai ga dillali ya yi sallama, ya ce a ba shi hakkinsa. Mai saye ya ce, "Ni ban sa ka ba." Daga nan sai gaban mai unguwa, sai gaban alƙali. Kuɗin mota ya ƙare a hanyar kotu, aikin gona ya tsaya, zumunci ya ɓaci.

Ga abin da muke so ka riƙe. Abu biyu ke sa dillali ya bi ka kuɗi. Na ɗaya, alkawarin da ka yi masa. Na biyu, aikin da ya yi maka har ciniki ya faɗa. Saboda haka a gama maganar la'ada tun kafin a tafi ganin gida.

1. WANE NE DILLALI?

Dillali shi ne mai haɗa mai saye da mai sayarwa. Kayan ba nasa ba ne. Kuɗin ma ba nasa ba ne. Jarinsa ƙafarsa ce, da bakinsa, da sanin mutane. Abin da ake ba shi bayan an gama ciniki shi ake kira la'ada. Wasu kan ce kamasho.

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa kai sa ko rago kasuwar Wudil, ko Mai'aduwa, ko Potiskum, ya san dillali. Haka wanda ya kai hatsi Dawanau. A cikin gidaje kuma akwai dillaliya mai yawo da kayan mata. A kara kowa ya san al'adar wurin. Kowa ya san wanda zai biya la'ada, ya san nawa ce. Ciniki kuma a yini ɗaya ake gama shi.

Cinikin gida daban yake. Kuɗin da yawa. Neman kuma kan ɗauki mako ko watanni. Mutum kan sayi gida sau ɗaya ko sau biyu a duk rayuwarsa, don haka bai saba ba. Al'adar la'ada ma ta wannan gari ba ɗaya take da ta wancan ba. Wannan shi ya sa rigima ta fi yawa a nan.

Aikin dillalin gida ya haɗa da waɗannan: ya nemo gidan da ake sayarwa, ya kai ka ka gani, ya haɗa ka da mai gidan, ya kai tayinka ya kawo amsa, ya tsaya har a sallama. A manyan birane akwai kuma masana ƙimar gidaje da filaye masu ofis. Tun shekarar 1975 akwai dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista. Su kan rubuta sharuɗɗansu a takarda, su ba ka ka sa hannu. Kada ka sa hannu sai ka karanta, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka.

2. DILLALIN WANE NE?

Wannan ita ce tambayar farko. Dillalan gida iri uku ne.

Akwai dillalin mai sayarwa. Mai gida ne ya kira shi ya ce ya nemo masa mai saye. Asalin la'adarsa a kan mai gida take, domin shi ya sa shi aiki.

Akwai dillalin mai saye. Kai ne ka je ka same shi, ka ce, "Malam, nemo mini gida mai ɗaki uku kusa da kasuwa." Wannan la'adarsa a kanka take, domin kai ka sa shi aiki.

Akwai kuma dillalin tsakiya, wanda ke karɓa a hannu biyu. A garuruwa da yawa an saba da haka: mai saye ya bayar, mai sayarwa ya bayar. Babu laifi in ɓangarorin biyu sun sani kuma sun yarda. Laifin shi ne ya ɓoye. Wanda ya ce maka shi naka ne, alhali yana karɓa a ɓoye daga ɗaya ɓangaren, ya ci amana.

Don haka ranar da kuka fara haɗuwa, ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, wa ya sa ka wannan aiki? Wa zai biya ka? Nawa?" Ba rashin kunya ba ne. Dillalin kirki zai ji daɗin tambayar, domin shi ma tana kare shi.

3. ABIN DA SHARI'A DA DOKA SUKA CE

A shari'ar Musulunci dillanci halal ne. Malaman fiƙihu suna sa shi a babin da ake kira ji'ala. Ma'anarta ka ce wa mutum, "In ka yi mini aiki kaza, zan ba ka kaza." Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya yi bayani a kanta. A mazhabar Malikiyya akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata ka sani. Na ɗaya, ladan ya zama sananne tun farko. Na biyu, mai aikin ba ya cancantar ladan sai ya kammala aikin.

Alƙur'ani mai girma ya yi umarni da cika alkawari a ayar farko ta Suratul Ma'ida. Aya ta 282 a Suratul Baƙara kuma, wadda ita ce mafi tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. La'adar da ba a biya ba bashi ce.

A kotunan gwamnati ma abin bai yi nisa da haka ba. In dillali ya kai ƙara, alƙali kan duba abu biyu. Shin akwai yarjejeniya tsakaninsa da wanda yake ƙara? Shin shi ne sanadin cinikin? In amsar duka biyun "i" ce, za a ce a biya shi. Yarjejeniyar baki ma ana karɓarta in akwai shaidu. Amma ta rubuce ta fi ƙarfi, domin shaida kan manta, kan yi tafiya, kan rasu.

4. HAKKOKI BIYAR DA KE KANKA

In kai ka sa dillali aiki, ga abin da ke wuyanka.

Na ɗaya: ka faɗa masa gaskiya. Ka gaya masa irin gidan da kake so da iyakar kuɗinka. Kada ka sa shi yawo unguwa-unguwa alhali ba ka da niyyar saye. Ranar da ya ɓata a kanka, da ya yi wani aikin.

Na biyu: ka yanke la'ada tun farko. Kada ka ce, "Kai dai je ka, ba za mu ɓata ba." Wannan magana ita ce uwar rigima. Kai a zuciyarka dubu 20 kake nufi, shi a zuciyarsa dubu 200 yake jira.

Na uku: kada ka kewaye shi. In ya nuna maka gida, ya haɗa ka da mai shi, kada ka koma da dare ku gama ciniki a bayansa.

Na huɗu: ka biya a kan lokaci. Da zarar an gama ciniki, an rubuta takarda, ka karɓi gida, ka sallame shi. Kada ka mai da shi maroƙi a ƙofar gidanka. Ka karɓi rasit, ko ya sa hannu a bayan takardarku.

Na biyar: in ka fasa, ka sanar da shi. In ka samu gida ta wata hanya, ko kuɗin ya shiga wata hidima, ka kira shi ka gaya masa. Kada ka bar shi yana ta nema.

5. CINIKIN KAI-TSAYE: YAUSHE AKE BIYA?

Cinikin kai-tsaye shi ne wanda mai saye da mai gida suka gama a tsakaninsu. A nan ne aka fi samun saɓani. Mu duba misalai shida.

Misali na 1. Ka sa dillali ya nemo maka gida. Ya kai ka, ka gani, ka ce bai yi maka ba. Bayan mako biyu ka koma kai kaɗai, kuka shirya da mai gidan, ka saya. Shin dillali yana bin ka? I, yana bin ka. Ba don shi ba, da ba ka san gidan ba. Komawar da ka yi kai kaɗai ba ta goge aikinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Haka kuma wanda aka yi wa aski, ya biya wanzami.

Misali na 2. Ka yi irin wannan, amma ka tura ƙanenka ko matarka suka saya da sunansu, gidan kuwa naka ne. Wannan dabara ce kawai. Hakkin yana nan a kanka. In shaidu suka tabbatar, za ka biya, ga kuma kunya.

Misali na 3. Ka sa dillali nema. Yana cikin nema, sai surukinka ya ce maka zai sayar da gidansa. Dillalin bai san gidan ba, bai kai ka ba, bai yi magana a ciki ba. Ka saya. A nan ba ya bin ka la'ada, domin ba shi ne sanadi ba. In ka ba shi wani abu don wahalar da ya sha, alheri ka yi. Amma ka lura. In ka riga ka sa hannu a takardar da ta ce ta hannunsa kaɗai za ka saya har zuwa wani lokaci, to wannan takarda za ta iya kama ka. Masu ofis a birni kan sa irin wannan sharaɗi. Ka duba shi da kyau kafin ka sa hannu.

Misali na 4. Ka ga an rubuta a bangon gida cewa na sayarwa ne. Ka nemi mai gidan da kanka, kuka gama. Daga baya wani ya zo ya ce shi ne dillalin unguwar, duk cinikin da aka yi a nan sai an ba shi. Ba ka sa shi ba, bai yi maka komai ba. Ba ya bin ka. In mai gidan ne ya sa shi tun farko, to maganarsa da mai gidan ce.

Misali na 5. Dillali ya kai ka gida biyar, babu wanda ya yi maka. Ko kuma kun yi tayi, mai gida ya ce albarka, ciniki bai faɗa ba. Babu la'ada, domin aikin bai kammala ba. Sai dai in kun yi sharaɗin kuɗin mota ko kuɗin gani tun farko. In kun yi, ka biya wannan.

Misali na 6. Ka sa dillali ɗaya. Ranar biya sai ga mutum huɗu, kowa ya ce da shi aka yi. Wannan ya gaya wa wancan, wancan ya gaya wa wani. La'ada ɗaya ce a kanka, ga wanda kuka yi magana da shi. Su je su raba a tsakaninsu. Amma in kai da kanka ka sa dillalai biyu daban-daban, ka gaya wa kowannensu tun farko cewa wanda ya kawo gidan da ka saya shi zai karɓa.

6. YADDA AKE LISSAFIN LA'ADA

Hanya biyu ake bi. Ko a yanke kuɗi tsayayye, misali Naira 100,000 ko nawa aka sayi gidan. Ko a yanke kashi cikin ɗari. A wurare da yawa za ka ji ana zancen kashi 5 cikin 100. Wani wuri a ce 10. Wani wuri a raba tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ana iya neman ragi kamar kowane ciniki, amma kafin aiki, ba bayansa ba.

Ga yadda za ka lissafa da kanka. Ka raba kuɗin kashi 100. Abin da ya fito, ka ninka shi da adadin da kuka yanke.

A ce ka sayi gida Naira 4,000,000, wato miliyan 4. Kun yanke kashi 5 cikin 100.
4,000,000 a raba 100 ya ba da 40,000.
40,000 sau 5 ya ba da 200,000.
La'adar ita ce Naira 200,000.

In da kashi 10 kuka yanke, da ta zama Naira 400,000. Ka ga bambancin ya kai kuɗin buhunan hatsi. In kuwa kashi 5 ɗin za a raba daidai tsakaninka da mai gida, kowa zai ba da Naira 100,000.

A ce fuloti ne na Naira 1,500,000, a kan kashi 5.
1,500,000 a raba 100 ya ba da 15,000.
15,000 sau 5 ya ba da 75,000.

Ka lura da abu ɗaya. In la'ada kashi cikin ɗari ce, duk lokacin da farashi ya hau, rabon dillali ma ya hau. Don haka wasu masu saye suka fi son kuɗi tsayayye. Ka zaɓi wanda ya fi maka.

Ka sa la'ada cikin lissafinka tun kana gida. Mai miliyan 4 cif a hannu kada ya tayi gidan miliyan 4. Bayan kuɗin gida akwai la'ada, da kuɗin rubuta takarda, da na shaidu, da na ofishin filaye, da gyara.

7. ABIN DA BA YA KANKA

Kamar yadda dillali ke da hakki, kai ma kana da naka. Ga abubuwan da ba dole ba ne ka yi.

Ba dole ba ne ka biya la'ada kafin a gama ciniki. Wanda ya ce sai ka biya shi duka kafin ya nuna maka mai gida, ka yi hattara da shi.

Ba dole ba ne ka miƙa kuɗin gida a hannun dillali. Kuɗin gida na mai gida ne. Ka ba shi hannu da hannu a gaban shaidu, ko ka tura asusunsa na banki mai ɗauke da sunansa. Haka ma kafin alƙalami. Ka sani kuma, dokar hana halatta kuɗin haram ta shekarar 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 in ba ta banki ba. Takardar banki kuma shaida ce a hannunka.

Ba dole ba ne ka biya ɗorin da aka ɓoye maka. A ce mai gida ya sallama a miliyan 3 da rabi. Dillalinka ya zo ya ce maka miliyan 4 ne, ya riƙe rabin miliyan, sannan ya nemi la'ada. Wannan ha'inci ne. Maganinsa ka zauna da mai gida ido da ido, ka ji farashi daga bakinsa. Ba a cinikin biri a sama.

Ba dole ba ne ka saya don kawai dillali ya wahala. In gida bai yi maka ba, ka ce bai yi ba. In ya ce maka akwai wani mai saye da zai biya gobe, kada hankalinka ya tashi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci tayin ƙarya ne don a ɗaga farashi. Shari'a ta hana irin wannan tayi.

8. LA'ADA BA TA ƊAUKE MAKA BINCIKE

Wasu na zaton in sun biya dillali, to shi zai ɗauki alhakin komai. Ba haka ba ne. In gida ya zo da rigima, kuɗinka ne a ciki. Don haka ka bincika da kanka.

Ka tabbatar da mai gidan. Ka tambayi mai unguwa ko dagaci, ka tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. In gidan gado ne, ka tabbatar an raba gadon, ko duk magada sun yarda, maza da mata. In da marayu a ciki, ka nemi a bi ta kotu. Ka tambaya ko an jinginar da gidan, ko an karɓi bashin banki da takardarsa.

Ka duba takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978, wadda aka yi a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana don jama'a. Gwamna ke ba da takardar mallaka, yawanci ta shekara 99. Wanda ke da irin wannan takarda, dokar ta ce sai da izinin gwamna zai mai da ita ga wani. A karkara kuma ƙaramar hukuma na da ikon ba da izinin zama da noma irin na gargajiya, kuma ana neman amincewarta in za a sayar. Hatimin mai unguwa ko na dagaci shaida ce mai amfani ƙwarai, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Jihohi irin su Kano, Kaduna da Nasarawa, da kuma Abuja, suna da ofisoshin da ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Ka je a duba maka ko sunan da ke takardar shi ne na mai sayarwa.

Dillalin kirki zai raka ka duk waɗannan wurare. Wanda ya ce ba sai an je ba, ka bar cinikin. Rigakafi ya fi magani.

To, in an gama ciniki, ka biya la'ada, daga baya aka gano gidan ba na mai sayarwa ba ne fa? Ciniki ya warware, kuma kana da hujjar neman la'adarka, musamman in dillalin ya san matsalar ya ɓoye. Amma in ciniki ya tabbata lafiya, kai ne daga baya ka canza ra'ayi ka roƙi a mayar maka da kuɗinka, to dillali ya riga ya gama aikinsa. Don a huta da gardama, a rubuta wannan a takarda tun farko.

9. GA YADDA AKE RUBUTA TAKARDAR

Tunda ka iya rubutu, ba sai ka nemi kowa ba. Ka kwafi wannan a littafinka, ka cike guraben.

Yau ranar ........ ga watan ........ shekarar ........
Ni ........ na garin ........ na sa Malam ........ ya nemo mini gida a ........
In na sayi gidan da ya nuna mini, zan ba shi la'ada Naira ........
Zan biya ranar da aka gama ciniki na karɓi gida.
In na samu gida ta wata hanya da babu hannunsa, ba ya bi na komai.
In ciniki ya warware saboda gidan na da rigima, zai mayar mini da la'ada.
Wannan magana za ta yi aiki har wata ........
Sa hannun mai saye ........
Sa hannun dillali ........
Shaida na ɗaya ........
Shaida na biyu ........

A rubuta guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa, bayan an karanta masa a gaban shaidu. A bayan takardar ka riƙa rubuta kowane gida da ya nuna maka, da ranar da kuka je. Wannan zai raba gardama in an zo tambayar wa ya fara nuna gidan.

10. IN RIGIMA TA TASHI

A fara da sulhu. Ku zauna da shaidunku. In bai yiwu ba, a je wurin shugaban dillalan garin, domin ya san al'adar wurin. Daga nan sai mai unguwa, ko dagaci, ko limami. A jihohin da ke da Hisba, su ma suna yin sulhu. In duk an gaza, sai kotu. A kotun shari'a, mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. Ka tambayi kanka tun yanzu: zan iya rantsuwa cewa ba wannan mutum ne ya nuna mini gidan ba? In ba za ka iya ba, ka biya shi tun ba a kai can ba.

Gidan da ka saya, a ciki za ka zauna da iyalinka, 'ya'yanka su gada. Kada ka shige shi da hakkin wani a wuyanka. Kada kuma ka bari a karɓe maka abin da ba a bin ka. Alkawari kaya ne. Ka san nauyinsa kafin ka ɗauka.

MA'ANAR WASU KALMOMI

La'ada: ladan da ake ba dillali bayan an gama ciniki.
Ji'ala: alkawarin ba da lada sananne ga wanda ya kammala wani aiki.
Kafin alƙalami: kuɗin da ake fara bayarwa don a riƙe ciniki.
Jingina: ba da gida ko gona a riƙe saboda bashi.
Yarjejeniya: maganar da mutum biyu suka amince da ita.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke sa dillali ya bi ka la'ada?
2. Kawo ire-iren dillalan gida guda uku.
3. Dillali ya nuna maka gida, ka koma kai kaɗai ka saya. Za ka biya shi? Me ya sa?
4. Ka sayi gidan surukinka ba tare da hannun dillali ba. Yana bin ka?
5. An sayi gida Naira 2,600,000. La'ada kashi 5 cikin 100 ce. Nawa ke nan?
6. A hannun wa ya kamata ka ba da kuɗin gida?
7. A wace shekara aka yi Dokar Amfani da Ƙasa?

AIKIN AJI

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama mai saye, ɗaya dillali, ɗaya shaida. Ku yi maganar la'ada, sannan ku rubuta takardar da hannunku. Ku kai wa malaminku ya duba. Ku tambayi dattawan garinku yadda al'adar la'ada take a wurinku, ku rubuta amsar a littafinku.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. Allah ya sa mu dace.